Yadda Egon Ya Kai Silifan Matarsa Siwizalan

A duk garin Rimsau, can ƙasar Jamus a bakin iyakar Siwizalan, in ka ji ana ɗaga murya a shagon burodi da sassafe, ba sai ka leƙa ba, Egon Rombach ne yake koya wa mutane abin da ba su tambaye shi ba. Shekara talatin da huɗu ya yi yana ɗaga sandar ƙofa a masana'antar takarda, manyan motoci na shiga suna fita, amma in ka ji shi yana ba da labari sai ka rantse shi ne yake juya cinikin Turai gaba ɗaya. "Ni fa na ga kaya," haka yake cewa yana dukan ƙirji. Ya ga kaya kam, ta tagar ɗakin gadi.

Mai riƙe da gidan ita ce matarsa Hilde. Silifan ulu take saƙawa, irin na sawa a ɗaka lokacin sanyi, tana sayarwa a wata kasuwar intanet, euro talatin kowane. Shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki. Shagonta yana da taurari biyar cif, mutum dubu uku da ɗari biyu da sha biyu sun rubuta mata yabo, kuma ta san adadin kamar yadda ta san ranar haihuwarta. A kasuwar nan babu mai ganin fuskarka, taurarinka ake gani. In suka zube, kai ma ka zube.

To, sai aka yi wa Hilde aiki a ƙugu, likita ya ce sai ta yi mako huɗu a gidan jinya can kan tsauni. Ranar tafiya ta liƙa takarda a jikin firji, ta karanta masa da ƙarfi kamar ɗan aji ɗaya.

"Ka naɗe. Ka liƙa adireshi. Ka kai wa Alois a gidan waya. Shi ke nan aikinka, Egon."

"Haba Hilde, ni za ki koya wa ciniki?"

"Ba ciniki na ba ka ba, naɗi na ba ka. Kada ka taɓa komai."

Kwana biyu ya iya daurewa. A rana ta uku ya ɗora tabarau a kan hanci, ya buɗe kwamfutar, ya shiga shafin kuɗi. Nan ya ga a kowane silifa ana zare euro uku. Ya gangara ƙasa ya ga an rubuta cewa kasuwa tana karɓar harajin ciniki ta miƙa wa gwamnati a madadin wasu masu sayarwa. Kalmar "wasu" ɗin nan idonsa bai sauka a kanta ba. Ya buga tebur har kofin gahawa ya yi tsalle.

"Shekara goma sha ɗaya ana tatsar matar nan, ni ina gidan!"

Washegari kafin a gama fito da burodi ya riga ya tara jama'a. Kowa a Rimsau ya san cunkoson Asabar, yadda 'yan Siwizalan suke tsallako gada su cika mota da kaya, su karɓi koriyar takarda a wurin biya, kwastan su buga musu hatimi, a mayar musu da harajinsu. Wannan abu ya daɗe yana ci wa Egon rai, kuma yau ya samo maganinsa.

"Ku saurara," in ji shi, yana nuna su da guntun burodi. "Ɗan Siwizalan ba ya biyan harajinmu, ko ƙarya na faɗa? To me zai hana shagon Hilde ya zama ɗan Siwizalan? Surukina Reto yana can tsallaken kogi, minti bakwai a mota. Adireshi kawai zan canza."

Frau Ebner, wato Malama Ebner a bakin Jamusawa, tana layi da jakarta a hannu. Ita ce tsohuwar akantar da take cika wa Hilde takardu kowace shekara, gidanta ƙofa uku daga nasu. Ta ce, "Herr Rombach, wannan euro ukun da ka gani..."

"Frau Ebner, na san abin da za ki ce. Ku akantoci an koya muku tsoro ne, ba lissafi ba."

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji ta. Ta karɓi burodinta ta fita.

Alois na gidan waya ya ce, "Egon, in dabarar da sauƙi haka, me ya sa ba wanda ya taɓa yin ta?"

"Saboda ba kowa ne Egon ba."

"Wannan kam mun gode wa Allah."

Aka yi dariya, shi kuwa ya ɗauka yabo ne. Daga nan bai zame ko'ina ba sai wurin shugaban 'yan kwana-kwana, ya roƙa a ba shi minti ashirin a bikinsu na kaka don ya wayar wa jama'a kai. Har takarda ya sa aka buga aka liƙa a ƙofar majami'a da tashar bas: Yadda Za Ka Fi Haraji Wayo, daga bakin Egon Rombach. Ko aikin bai fara ba ya riga ya kira taron murna.

Abin da bai tsaya ya ji ba shi ne wannan. Euro ukun nan kamashon kasuwa ne, ba haraji ba. Hilde ƙaramar mai sana'a ce, cinikinta bai kai inda ake ɗora wa mutum harajin ciniki ba, ko santi ɗaya, wato kwabon euro, ba a taɓa zare mata ba. Waɗanda kasuwa take karɓa a madadinsu su ne baƙi, masu sayarwa daga ƙasashen da ba sa cikin Tarayyar Turai, irin su Siwizalan, don kada su sayar su ɓace. Egon ya zauna, ya goge Rimsau, ya rubuta adireshin Reto, ya danna. Da yatsansa ɗaya ya mayar da matarsa baƙuwa.

Ciniki na farko da ya shigo, sai ga euro uku na kullum an zare, ga kuma wani sabon layi a ƙarƙashinsa: harajin ciniki, euro huɗu da santi saba'in da tara. Egon ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Layin yana nan.

Wani mai hankali da ya mayar da adireshin ya yi shiru da bakinsa. Egon sai ya ce, "Ah to! Sun ji zafi, suna gwada ni ne." Ya ƙara kuɗin silifa zuwa euro talatin da takwas don ya rufe giɓin. Harajin ma ya bi shi ya ƙaru. Tsofaffin masu saye suka fara rubuto tambaya, ko lafiya? Ya amsa wa kowa da amsa ɗaya: "Kamfaninmu ya zama na ƙasa da ƙasa."

Da yamma Hilde ta kira waya. "Komai lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Ke dai ki ji da ƙugunki."

"Ba ka taɓa komai ba ko?"

"Ni? Me zan taɓa?"

Kwana biyu yana juya abin a kansa, sai ya gano inda gizo yake saƙar, a ganinsa. Shago ya koma Siwizalan, amma kaya suna kwance a Jamus, to ai dole a ci gaba da yanka. Kayan ne za su tsallaka. Ya ari ƙaramar tirela irin wadda mota take ja a wurin maƙwabci, ya kwashe duk abin da Hilde ta saƙa tun bazara don cinikin hunturu, silifa ɗari uku, ya lafta. Kuma don rashin ta-ido ranar Asabar ya zaɓa, lokacin da gada take cike maƙil, rabin mutanen Rimsau suna kan hanya.

A ɓangaren Jamus ya sauka ya miƙa wa jami'in kwastan koriyar takarda, wadda ya roƙo a kantin kayan gini ya cika da hannunsa.

Jami'in ya juya ta gaba da baya. "Wane ne mai sayarwa?"

"Ni ne."

"Mai saye fa?"

"Ni ne."

"A ina kake zaune?"

"A Rimsau. Amma a intanet a Siwizalan nake."

Jami'in ya kira abokin aikinsa, ba don neman shawara ba, don kada wannan abu ya wuce shi. Suka mayar masa da takardarsa babu hatimi. Egon ya shiga mota yana tsaki, yana cewa jahilci ya yi wa aikin gwamnati yawa.

A ɗaya bakin gadar ya bi layin waɗanda ba su da abin nunawa, kansa a sama. Wata jami'a ta ɗaga hannu, ta zagaya, ta ɗaga tamfol.

"Waɗannan fa?"

"Na sawa ne a gida."

"Ƙafa nawa gare ka?"

"Muna da yawan baƙi."

Aka sa shi ya sauke su a gefen titi, ana ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, ja da shuɗi da ruwan toka, jere a kan kwalta. Motoci suka tsaya cak har bayan majami'a, ana ta matsa oda. Alois ya zo wucewa a kan keke, ya tsaya ya kafa ƙafa ɗaya.

"Egon, reshe ka buɗe a kan gada? Akwai lamba arba'in da uku?"

"Wuce ka ba ni wuri!"

Ya biya harajin shigo da kaya na Siwizalan, ya biya tarar ɓoye kaya, ya sa hannu a takarda biyar. Da ya isa gidan Reto rana ta yi tsaka. Reto mutum ne da ko takalmansa a jere suke bisa launi. Ya tsaya a ƙofar garejinsa yana kallon tirelar kamar an kawo masa gawa.

"Suruki, ka ce mini wasiƙa ɗaya ko biyu za su zo da sunanka."

"Wasiƙun ke nan. Kwana kaɗan ne."

"Motata fa, a ina za ta kwana?"

"Haba Reto, mota tana jin sanyi ne?"

Daga ranar aikin Egon ya koma tsallaka gada kowace safiya, ya naɗe kaya a garejin Reto, ya kai gidan wayan can. Kuɗin aikawa ya ninka uku. Kowane ƙunshi sai ya cika masa takardar kwastan, shi kuwa rubutunsa ko shi kansa ba ya iya karantawa. Harajin da ya yi duk wannan wahala dominsa? Yana nan daram, domin yanzu kayan daga waje suke shigowa, kasuwa tana zare nata ta miƙa kafin ƙunshin ya bar hannunsa. Abin da a da yake isa cikin kwana biyu sai ya koma kwana goma, sha biyu. Cikin gaggawa ya aika wa wani mutum ƙafar hagu biyu. Wata tsohuwa ta sayi ja don jikarta, aka kai mata ruwan toka lamba arba'in da shida. Taurari suka fara zuba, huɗu da rabi, huɗu, uku.

Frau Ebner, wadda Allah ya ba ta ƙeta mai sanyi, ita ma ta yi oda. Bayan kwana goma sha biyu ta shigo shagon burodi da ƙunshin, ta ɗora a kan teburin mai burodi, hatimi har uku a jikinsa.

"Herr Rombach, daga tagar kicin ɗina nake hango ɗakin da aka saƙa silifan nan. Yau ga shi ya fi ni yawon duniya."

"Haka cinikin ƙasa da ƙasa yake, Frau Ebner. Ba kowa zai gane ba."

"Hilde ta sani?"

Ya ce yana sauri. Ko canjinsa bai tsaya karɓa ba.

A mako na uku wasiƙa ta zo wa Reto daga ofishin garinsu, ana tambaya ko tun yaushe ya buɗe kamfani a garejinsa ba tare da rajista ba. Reto, wanda ko tarar ajiye mota bai taɓa biya ba a rayuwarsa, ya kusa suma. Da Egon ya iso da safe sai ya tarar da kwalayensa a bakin titi, an jera su tsaf bisa girma, mota kuma ta koma ɗakinta.

"Suruki, yau ka kwashe. Kuma bana kada ku zo mana Kirsimeti."

Ya sake lafta kaya ya nufo gida. A bakin gada sai ga jami'in nan na farko, yana ganinsa ya fara murmushi.

"A'a, mutumin Siwizalan! Me ka kawo mana?"

"Kayana ne. A nan aka yi su, ai kai ma ka gani."

"Na ga mutum da takardar da ya rubuta wa kansa. Ina shaidar fitar da su?"

Babu. Aka ƙirga abin da ya rage, ɗari biyu da arba'in, aka yanka masa harajin shigo da kaya Jamus. Silifan da aka saƙa a Rimsau, da ulun tumakin Rimsau, sai da aka biya musu kuɗin shiga Rimsau.

Kai, in ni ne da na kwanta na ce zazzaɓi nake. Amma ranar Lahadi da rana sai ga Egon a zauren 'yan kwana-kwana, ya sha kwat da laktaye, gashi ya kwanta luf. Zaure ya cika. Ba ilimi ya kawo mutane ba, kowa ya ji labarin gada. Aka ture farantan kek gefe, masu busa suka ajiye kayansu, aka haɗa masa kwamfuta da babban allo.

"Jama'a," in ji shi, "duk babban aiki yana farawa da 'yar wahala. Amma yau zan nuna muku da idonku yadda shago yake zama in ya shiga hannun wanda ya sani."

Ya danna. Shafin ya buɗe, faɗin bango guda. A sama wani jan layi ne, rubutunsa ko na bayan zaure yana karantawa: An rufe wannan shago saboda ba da adireshin ƙarya. A ƙasa taurari biyu.

Egon ya danna nan, ya danna can, sai shafin ya gangara kan ra'ayoyin masu saye. Alois ya miƙe tsaye, ya gyara murya, ya shiga karantawa kamar mai sanarwa a majami'a.

"'Ina da ƙafar dama, don Allah ku tuna da ita.' Tauraro ɗaya. 'Na yi oda da kaka, ina fatan ya iso kafin bazara.' Tauraro ɗaya."

Dariya ta ɓarke. Wani mai busa ƙaho ya ƙware da gahawa har sai da aka bubbuga masa baya.

"Makirci ne!" in ji Egon. "Sun ga na gano sirrinsu! Frau Ebner, ke akanta ce, faɗa musu nawa ake zare wa matata a da!"

Kwana ashirin da wani abu matar nan tana jiran a tambaye ta. Ta ajiye cokali, ta goge baki.

"Ko santi. Euro ukun kamasho ne. Hilde ba ta kai a karɓi harajin ciniki a hannunta ba, sai ranar da ka mayar da ita baƙuwa. Ka biya kasuwa, ka biya Siwizalan, ka dawo ka biya Jamus. Shekara arba'in ina wannan aiki, na ga masu gudun haraji iri-iri. Kai ne na farko da na ga ya ari tirela ya bi shi har ƙasar waje."

Mutane suna dukan tebur, wasu na share hawaye. Sai dariyar ta fara mutuwa daga bayan zaure, layi bayan layi. Egon ya ɗaga kai.

Hilde ce a bakin ƙofa, da sanda a hannu ɗaya, ƙaramar jaka a ɗayan. Wata tsohuwar mai saye ce ta nemo lambarta ta tambaye ta ko ta rasu ne magada suka karɓi shagon. Ta baro jinya saura kwana huɗu, ta hau bas biyu. Ta tako a hankali, ana jin ƙarar sandarta a kan katako, har ta zo gaban allo. Ba ta kalli mijinta ba. Taurarin nan biyu ta tsaya tana kallo, ta daɗe.

"Hilde," in ji Egon, murya ta koma ƙarama, "bari in yi miki bayani. Tsarin yana da kyau, kawai dai..."

"Abu uku na rubuta a jikin firji."

"Na naɗe ai. Na liƙa."

"Shekara goma sha ɗaya, Egon."

Abin da ta faɗa ke nan. Babu wanda ya sake dariya. Shugaban 'yan kwana-kwana ya je a hankali ya zare wayar allon.

Frau Ebner ta rubuta wa kasuwar wasiƙa huɗu, amsa ɗaya aka ba ta: shagon da aka rufe a kan ƙarya ba ya dawowa, amma Frau Rombach tana iya buɗe sabo da sunanta. Ta buɗe. Babu tauraro ko ɗaya, kamar wadda ta fara saƙa jiya. Cinikin hunturun bana ya wuce ta, kwalaye ɗari biyu da arba'in suna jibge a ɗakin baƙi. Kwamfuta kuwa ta samu sabuwar lambar sirri.

Shi ma Egon an ba shi aiki. In ka bi ta titinsu da hantsi za ka gan shi zaune a bakin babbar taga, labule a buɗe, hannu biyu a miƙe, an rataya musu ulu, Hilde tana naɗewa. Masu wucewa sukan ɗaga masa hula su tambaye shi ya mutanen Siwizalan. Ba ya iya ko ɗaga hannu ya amsa.

Ranar Talata kwamfuta ta yi ƙara. Yabo na farko ya shigo, daga Frau Ebner: taurari biyar, "Ya iso cikin minti huɗu, an kawo da ƙafa."

Egon ya gyara zama, fuska ta fara haske. "Kin gani ko? An fara! Ai ni tun farko na ce sabon shago ya fi. Yanzu da za ki bi shawarata..."

Hilde ta ja zaren, ba ta ko ɗago ba.

"Ɗaga hannunka. Saura dubu uku da ɗari biyu da sha ɗaya."